Daga Zare Zuwa Safar Hannu: Nazarin Damar Ɗan Damben Gargajiya a Gaban Gwanin Boksin, Bisa Darasin 'Yan MMA

Tsakure

Maƙalar ta duba tambayar da masoya dambe ke yawan gardama a kanta: shin shagon da ya gagari kowa a fagen gargajiya zai iya karawa da gwanin boksin na duniya bisa dokokin boksin? An bi hanyar kwatance, inda aka nazarci karawa biyar tsakanin 'yan damben gauraye na MMA da 'yan boksin daga 2010 zuwa 2024, sannan aka auna sakamakonsu da tsarin damben Hausa. Binciken ya gano cewa ƙarfin naushi yana bin mutum daga fage zuwa fage, amma gwaninta ta fagen da aka koye ta ce. Damar matasan yankin Bakori tana cikin horo tun da ƙuruciya.

Muhimman kalmomi: dambe, boksin, MMA, kisa, Bakori.

1.0 Gabatarwa

A yankin noma na Bakori da Funtuwa da Malumfashi, kamar sauran ƙasar Hausa, dambe wasan kaka ne. Sai an kai masara da dawa gida, an tsince auduga, kuɗi sun shiga hannu, kalangu ke kiran maza fage. Mahauta ne tushensa, daga baya manoma da 'yan ƙwadago suka shigo, kuma waƙoƙin Muhammadu Bawa Ɗan Anace ga Shago sun kai sunan wasan ko'ina a Arewa.

Yau matashin da ke ɗaura zare yana kallon duniya a wayarsa. Ya ga Francis Ngannou, ɗan MMA daga ƙauyen Batié a Kamaru wanda ya tashi yana haƙar yashi, ya kai zakaran boksin ƙasa a Riyad. Dole ya tambayi kansa ko shi ma zai iya. Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya, domin lafiyar 'ya'yanmu ce a kan sikeli.

2.0 Hanyar Bincike

An zaɓi MMA a matsayin ma'auni saboda kamanninta da dambe ta fuska uku: ana amfani da ƙafa, ana kama abokin karawa, kuma abin da ke rufe dunƙulen hannu bai kai kaurin safar boksin ba. An dubi kowace karawa ta fuskar dokokin da aka bi, matsayin ɗan boksin a lokacin, da turmin da wasa ya juya.

3.0 Shaidar Fage

A ranar 26 ga Agusta, 2017, ɗan MMA Conor McGregor ya kara da ɗan boksin Floyd Mayweather a Las Vegas. Mayweather yana da shekara 40, kuma ya kusa shekara biyu bai shiga fage ba. McGregor ya taɓuka a turmin farko-farko, sai numfashi ya fara yanke masa, alƙali ya tsayar da wasa a turmi na 10.

A watan Yunin 2021 ɗan MMA Anderson Silva ya doke ɗan boksin Julio César Chávez ƙarami da maki a turmi 8. Sai dai Chávez ya daɗe da sauka daga sahun gaba, Silva kuma ya taɓa yin boksin a baya.

A ranar 28 ga Oktoba, 2023, Ngannou ya kai zakaran boksin Tyson Fury ƙasa a turmi na 3 a Riyad. Fury ya miƙe, aka kammala turmi 10, alƙalai biyu cikin uku suka ba shi nasara. A ranar 8 ga Maris, 2024, Ngannou ya haɗu da Anthony Joshua, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012. Joshua ya kai shi ƙasa sau uku, ya sumar da shi a turmi na 2.

Akasin haka ma ya faru. A watan Agustan 2010 James Toney, wanda ya riƙe kambun boksin a azuzuwan nauyi uku, ya shiga kejin UFC, fagen 'yan MMA, Randy Couture ya kayar da shi ya shaƙe shi tun a turmin farko. Kifi a ruwa sarki ne: a karawa huɗu cikin biyar, mai fage ne ya yi nasara.

4.0 Nazari

4.1 Hannu ɗaya da hannu biyu

Ɗan dambe yana naɗe hannu ɗaya da ƙyalle da zare, shi ne mashi, ya bar ɗayan a buɗe, shi ne garkuwa, wadda yake miƙawa don tare abokin karawa, ya ture shi ko ya riƙe masa kai. A boksin kuwa hannun gaba shi ne ya fi aiki. Da shi ake auna tazara, a tara maki, a buɗe wa babban naushi hanya. Riƙe mutum a naushe shi laifi ne, bugu da buɗaɗɗen hannu ma haka. Ke nan shago zai shiga fage an haramta masa aikin da garkuwarsa ta sani, kuma ba a koya mata sabon aiki ba. Ɗan MMA ya fi shi sauƙi a nan, domin da hannu biyu ya saba naushi, amma duk da haka bai tsira ba.

4.2 Ma'anar nasara

Wannan shi ne bambanci mafi girma. A dambe, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare. Saboda haka duk dabarar ɗan dambe tana kan naushi ɗaya. A boksin wanda ya faɗi yana da ƙirga 10 ya tashi, sannan alƙalai uku suna rubuta maki turmi bayan turmi. Da a fagen gargajiya Ngannou ya buge Fury, da ya yi kisa tun a turmi na 3, makaɗa sun ɗauki kirari. A Riyad faɗuwar maki biyu kacal ta ba shi a turmi ɗaya cikin goma.

Dokar kisa kariya ce ga ƙwaƙwalwa, domin tana hana a ci gaba da dukan wanda ya riga ya jigata. Ngannou ya tashi sau biyu a gaban Joshua, na ukun ne ya kwantar da shi a sume. Shagon da jarunta za ta hana shi zama a ƙasa zai shiga wannan hatsarin.

4.3 Lokaci da numfashi

Dambe turmi uku ne, kuma a al'ada babu agogo. Rabin wasan dako ne da auna juna, sai a yi arangama ta ɗan lokaci a rabu. Damben kambu a boksin turmi 12 ne, kowanne minti 3, wato minti 36 na motsi. McGregor, wanda iyakar wasansa a UFC minti 25 ne, ya gaji. Ƙarfin noma da ɗaukar buhu a kasuwar hatsi ƙarfi ne na gaske, amma juriyar da ake gina ta da gudu da tsallen igiya da ɗaruruwan turmin atisaye daban take.

4.4 Tsayuwa da nauyi

Ɗan dambe yana buɗe ƙafafu sosai, ya tsaya nesa saboda tsoron shuri, mashinsa kuma da wurgi yake tahowa. Gwanin boksin yana hango irin wannan naushi, ya shige ciki da miƙaƙƙen naushi wanda ke riga shi isa. Haka kuma dambe na al'ada ba ya raba mutane bisa nauyi, alhali boksin na da azuzuwa aƙalla 17, kowane gwani yana karawa da tsaransa cikin jikin da aka shirya don ajin.

5.0 Inda Damar Take

Ɗan dambe yana zuwa da abubuwa uku masu wuyar koyarwa: nauyin hannu, rashin tsoron naushi, da sabo da idon taro. Waɗannan ne suka ɗauki Ngannou har turmi 10 da Fury, tare da cewa shi ya fara koyon boksin tun yana shekara 22 kafin ya koma MMA a Faris. Ga shagon da bai taɓa sa safar hannu ba, damar ba ta wuce ta naushi ɗaya a farkon wasa.

Tarihin Nijeriya ya nuna hanyar da ke ɓullewa. Hogan Bassey ya ci kambun duniya a 1957, Dick Tiger a 1962, Samuel Peter a 2008. Lambobin Olamfik na boksin, daga Nojim Maiyegun a 1964 zuwa Duncan Dokiwari a 1996, duk 'yan kudancin ƙasar ne suka kawo su, inda kulob-kulob na koyo suka daɗe da kafuwa. Arewa tana da maza, wurin horo ne ya yi mata ƙaranci.

6.0 Kammalawa da Shawarwari

Binciken ya nuna cewa haɗa shago da gwanin boksin bisa dokokin boksin sayar da lafiyarsa ne don kallo, kuma faɗuwarsa ba za ta zama hukunci a kan darajar dambe ba, kamar yadda faɗuwar Toney ba ta rage darajar boksin ba. Ana ba da shawara hukumomin wasanni na Jihar Katsina su kafa wurin koyon boksin a shiyyar Funtuwa, da mai horarwa da likita, a riƙa zaƙulo yara masu hannu a filayen kaka na Bakori da Danja da Ƙafur tun kafin garkuwarsu ta saba da zama a buɗe. Wanda ya zaɓi ya tsaya ga zare kuma, haƙƙinsa ne a duba lafiyarsa kafin wasa, a haɗa shi da tsaransa a nauyi, a biya shi ladan da zai riƙe iyalinsa.