Tsohon Amfilifaya da Tarihin Masu Gyara

A bara muna share ma'ajin makarantarmu a nan Cadawa, sai muka ci karo da wani tsohon amfilifaya na jita, irin mai kwalabe a ciki kamar ƙwan fitila. Da muka jona shi da wuta, ba abin da ya yi sai gurnani. Wani ɗalibina da kullum yake can baya a jarrabawa ya kasa kunne, ya ce: "Mushe, kwandansa ce ta bushe." A wurin kawunsa mai gyaran rediyo a kasuwa ya koya. Yaron nan kuwa ya sha bulala a gida don ya kwance rediyon mahaifinsa.

Wannan ya sa na bi sawun tarihin akwatin. A 1906 Lee de Forest ya ƙirƙiro kwalbar da ta zama tushen ƙara ƙarfin sauti, ita ce ta riƙe rediyo da lasifika har aka samo tiransisto a 1947. Leo Fender, wanda sunansa ke kan fitattun amfilifayoyin duniya, aikin akanta ya karanta, bai ma iya kaɗa jita ba. A 1938 ya buɗe shagon gyaran rediyo a Fullerton ta Amurka, makaɗa suna kawo masa kayansu da suka lalace. Da yawan ganin inda suke mutuwa ya gane yadda zai ƙera waɗanda suka fi su. A Landan ma, a 1962, Jim Marshall da mai gyaran shagonsa, Ken Bran, sun bi tsarin Bassman na Fender suka fitar da nasu, saboda na Amurka ya yi wa samari tsada.

A wannan shekara ta 1962 aka kafa ƙungiyar Radio-Clubs a Nijar, shekara huɗu bayan buɗe gidan rediyon ƙasa a 1958. Mutanen ƙauye kan taru su saurari shiri su tattauna, sau da yawa malamin makaranta ne jagora. Rediyon da ke aiki cikin ƙura da zafi dole ya lalace, da haka teburin mai gyara ya samu gindin zama a kasuwanninmu. Ko Mdou Moctar, da duniya ke saurare a yau, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Ran Lahadi muka kai akwatin gidana, muka kira kawun yaron. Kafin ya taɓa komai sai da ya zubar da wutar da ta rage a kwandansa, domin irin wannan na'ura tana aiki da volt 300 zuwa 500, kuma wutar kan zauna ko an zare waya. Ya nuna mana cewa gurnani alamar kwandansa ce, ƙaraf-ƙaraf in an murɗa maɓalli ƙurar hunturu ce, shiru gaba ɗaya kuma a fara duba fiyus. Ya ja kunnenmu kan kayan gwanjon Amurka masu cin volt 120, alhali tamu 220 ce. Yaron ne ya liƙe sabuwar kwandansar da dalma, hannunsa ko rawa bai yi ba.

Iyaye, hana yaro taɓa irin wannan akwati shi kaɗai wajibi ne, don ganganci a nan yana iya cin rai. Amma maimakon bulala, a haɗa shi da wanda ya iya. Mu malamai kuma, darasin lantarki da muke zanawa a allo yana nan a zahiri a kan teburin mai gyara, ba mu taɓa kai ƴan aji can ba.

Da amfilifayan nan muka yi sanarwa ranar raba sakamakon ƙarshen shekara. Yaron bai zo na ɗaya ba, amma shi ke zaune kusa da akwatin yana daidaita murya. Bayan an tashi, mahaifinsa ya same ni, ya ce: "Malam, a ina ake karatun wannan aikin?"