Yunwar Kambodiya ta 1979 da Musulmin Cham

Ƴan'uwa, da yawanmu ba mu san akwai Musulmi a Kambodiya ba. To akwai su, ƙabilar Cham, masunta da manoma a bakin kogin Mekong, mabiya mazhabar Shafi'iyya. Da ƴan Khmer Rouge na Pol Pot suka ƙwace mulki a 1975, sai suka hana salla, suka rusa masallatai, suka ƙona Alƙur'anai, suka tilasta wa mutane cin naman alade. Malamai kuwa, su aka fara nema. Cikin ƙasa da shekara huɗu, mutum kusan miliyan biyu suka salwanta, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba. Allah Ya jiƙan ƴan'uwanmu.

Sojojin Biyetnam suka kama Phnom Penh, babban birnin ƙasar, ranar 7 ga Janairu 1979, suka kori azzalumai, amma su ma sai suka zauna har 1989. Mutanen da aka tsare a gonakin bauta suka bazu bisa hanya, kowa na neman garinsu da danginsa. Rumbuna an wawashe, shanun noma sun ƙare, irin shinkafa ma an cinye. Damina ta zo, gonaki da yawa ba shuka. Mu manoma mun san abin da ke biyo bayan wannan.

Jama'a suka nufi iyakar Tailan. A watan Yuni na wannan shekarar sojojin Tailan suka kwashi ƴan gudun hijira fiye da dubu 40, suka koro su ta gangaren dutsen Preah Vihear, cikin filin nakiyoyi. Sai ƙarshen shekara aka buɗe sansanin Khao-I-Dang.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda siyasa ta shiga tukunyar mai yunwa. Amurka da Sin ba su yarda da gwamnatin da Biyetnam ta ɗora ba, har kujerar ƙasar a Majalisar Ɗinkin Duniya aka bar wa ƴan Pol Pot. Gwamnatin Phnom Penh kuma ta ce duk mai son shigo da abinci, kada ya ciyar da na bakin iyaka, don maƙiyanta na can. Oxfam ta amince da sharaɗin; Red Cross da UNICEF suka ƙi, suka yi aiki ta ɓangarorin biyu. Ba mu ga laifinsu ba, ko da yake gaskiya ne, wani kaso na shinkafar ya faɗa hannun mayaƙan Khmer Rouge, suka farfaɗo da ita.

Dabarar da ta yi amfani sosai ita ce ta Nong Chan. Maimakon a tara mutane a sansani, sai manoma su zo da kekuna da amalanken shanu, a ba su shinkafar ci da ta iri, su koma gida su shuka.

Cikin Musulmin Cham da suka tsallake, dubbai Maleshiya ta karɓa, da yawansu suka zauna a jihar Kelantan. Waɗanda suka rage suka sake gina masallatai da kaɗan-kaɗan. Sai a 2018 kotu ta sami Nuon Chea, mataimakin Pol Pot, da laifin kisan ƙare dangi a kansu, yana da shekara 92.