Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Sharhin Fim a Bakin Masu Kallo a Ƙasar Jega

Idan aka tambayi ɗalibin adabi yaushe aka fara sharhin fim da Hausa, galibi zai ce a ƙarshen shekarun 1990 ne, sa'ad da mujallar Tauraruwa ta fito a Kano a 1998, mujallar Fim kuma ta biyo bayanta a watan Maris na 1999. Wannan amsa daidai take in rubutaccen sharhi ake nufi. Sai dai Hausawa sun fara kallon hoto mai motsi tun cikin shekarun 1930, kuma ba a taɓa yin ranar da suka kalla suka tashi bakinsu alaikum ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wancan sharhi na baka, watau yadda mai kallo yake yanke wa fim hukunci, ya yaba ko ya kushe, ya ce wa ɗan'uwansa je ka gani ko kada ka ɓata dare. Na zaɓi in dubi al'amarin daga Kimba ta ƙasar Jega, da maƙwabtanta na wajen Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi, domin irin waɗannan garuruwa ba a gina musu gidan sinima ba, ba a kuma buga mujalla a cikinsu ba, amma duk wani zamani na kallo ya ratsa ta kansu.

Zamanin majigi

Kalmar majigi ta samo asali ne daga sunan Ingilishi na wata fitila da ake haska hotuna da ita a jikin bango. Daga baya sunan ya koma kan motar gwamnati mai yawo da fim gari gari. Wanda ya kafa harsashin wannan aiki a Nijeriya shi ne William Sellers, wani Baturen kiwon lafiya a Ikko, wanda ya fara amfani da fim a shekarun 1920 don faɗakar da jama'a kan ɓeraye da annoba. Da gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka a 1939, shi aka ɗora a kai. Bayan an raba ƙasa jiha jiha, Gwamnatin Jihar Arewa ta sami nata sashen a Kaduna, motocinta suna zaga larduna. A lokacin Kimba tana cikin Lardin Sakkwato, ƙarƙashin En'e ta Gwandu mai hedkwata a Birnin Kebbi.

Tsarin zuwan majigi kusan ɗaya ne a ko'ina. Saƙo zai zo wa hakimi, ya sa a yi shela. Da magariba a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin makaranta, a ta da inji, bayan sallar isha'i a soma. Akan fara da labarun gwamnati, sa'an nan fim na koyarwa kan tsabta ko noma ko biyan haraji, a rufe da na ban dariya. Cikin waɗanda suka zauna a zukatan mutanen Arewa akwai Baban Larai, na shekarun 1950, wanda aka shirya don koyar da noman zamani. Ba a biyan ko anini, kuma maza da mata da yara duk suna fitowa, domin abin na sarki ne, a ƙofar gidansa ake yi.

Mutumin da ya fi muhimmanci a wannan dare shi ne mai fassara. Yawancin finafinan ko dai ba su da murya, ko kuwa muryar ta Ingilishi ce, saboda haka shi ne yake riƙe da lasifika yana gaya wa jama'a abin da suke gani. A takarda, aikinsa shi ne ya karanta bayanin da aka rubuta masa. A fili kuwa, wanda ya san taron Hausawa ya san ba mai iya riƙe mutum ɗari biyar da karatun takarda. Dole ya sa karin magana, ya yi wa malalacin manomi ba'a, ya ja hankali nan, ya wuce can da sauri. A ganina shi ne mai tarken fim na farko a ƙasar Hausa, ko da yake albashin gwamnati yake ci, kuma ba shi da ikon cewa fim ɗin gwamnati bai yi kyau ba. Wannan iko yana hannun jama'ar da ke zaune a ƙasa, masu amsa masa da shewa ko da tsaki, waɗanda kuma da safe za su sake feɗe fim ɗin a majalisa da bakin rijiya da hanyar gona.

Abin takaici shi ne yadda Turawan wannan fanni suka karɓi ra'ayin masu kallo. Akwai wani labari da suka yi ta maimaitawa, har Marshall McLuhan ya shigar da shi cikin littafinsa na 1962. Wai an nuna wa wasu mutanen ƙauye a Afirka fim na tsabtace gida, da aka tambaye su me suka gani sai suka ce sun ga kaza, alhali masu fim ɗin ba su ma lura da ita ba sai da suka sake dubawa suka tarar ta gifta a gefen hoto. Daga nan aka yanke cewa baƙar fata bai iya kallon fim ba, sai an riƙa shirya masa a hankali kamar yaro. Ni kam ban ga jahilci a nan ba. Mutumin da aka zaunar ana koya masa sharar tsakar gida, abin da yake gani kullum tun yana goye, in ya ce kaza ya gani ai ya faɗi ra'ayinsa kan fim ɗin ke nan, cikin ladabi. Da Peter Morton-Williams ya zauna cikin masu kallo a ƙauyukan Yarbawa da Hausawa da Ibo da Birom a farkon shekarun 1950, yana sauraron abin da suke faɗa wa juna, sai ya tarar suna fahimtar finafinan sarai. Sau da yawa saƙon ne bai dace da halin zamansu ba.

Sinima da labarin matafiya

Gidan sinima abin birni ne, kuma da kuɗi ake shiga. A Kano an buɗe Rex a 1937, sa'an nan Palace a 1952 a cikin ganuwa, abin da ya jawo fushin malamai da dattawa. Kafin Palace, ranar 13 ga watan Mayu 1951, gobara ta tashi a sinimar El Duniya, mutum 331 suka rasu. Jama'a da yawa sun ɗauki wannan masifa a matsayin hukuncin Allah, kuma labarin ya bazu har inda ba a taɓa ganin ƙofar sinima ba. Wannan shi ma sharhi ne, kuma ya daɗe yana aiki: majigi halal ne don na hukuma ne a sarari, sinima kuwa wurin 'yan iska ne, matar kirki ba ta zuwa.

To, yaya mutumin Kimba yake sanin fim ɗin birni? Ta bakin wanda ya je. Jega babbar kasuwa ce tun ƙarni na 19, kuma mahaɗar hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri. Direba da yaron mota, da ɗan cirani da ya dawo da faɗuwar damina, da falken albasar Aliero da ya kai kaya kudu, su ne suke dawowa da fim a ka. Mai ba da labari zai zauna ya kwashe shi tun daga farko, ya kwaikwayi faɗan, ya rera waƙar da harshen da shi kansa ba ya ji. A nan aka sami kalmomin tarke na masu kallo. Kowane fim yana da akta, yana da bos, kuma ana auna shi da yadda bos ya sha wuya kafin a tashi. An kasa finafinai kashi kashi: na kaboyi, na 'yan Sin masu faɗa da hannu, da na Indiya.

Na Indiya, waɗanda 'yan kasuwa Kwara suka riƙa shigowa da su tun shekarun 1950, su ne suka ci kasuwa. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya rubuta laƙabin da Hausawa suka yi wa 'yan wasan: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuwa Mace. Ya kamata masana harshe su tsaya a kan waɗannan sunaye. Kowanne taƙaitaccen tarke ne cikin kalma ɗaya zuwa huɗu, an gina shi bisa tsarin kirari da zambo da Bahaushe ya gada daga fagen dambe da kokawa. Wanda ya ce wa abokinsa yau Sarkin Ƙarfi ne a ciki ya riga ya gaya masa irin fim ɗin, da yawan faɗan, da ko ya cancanci kuɗin shiga.

'Yan makaranta kuma suna da nasu. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970 kamfanin Drum yana buga African Film, labarin wani jami'in bincike mai suna Lance Spearman, cikin hotuna jere da maganganu a rubuce. Da Ingilishi yake, don haka kwafi ɗaya yakan zaga aji har ya yage, mai jin Turanci yana fassara wa saura.

Wani abu da ya shafi ƙasar Kabi kai tsaye ya faru a wannan tsakani. Adamu Halilu, wanda ya mai da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shaihu Umar, fim a 1976, ya shirya wani fim kan Kanta na Kabi a 1978. Ga labari na gida, ga gwarzon da kowane yaro a Jega da Argungu ya san sunansa. Amma fim ɗin bai yi yawo ba, kaɗan ne cikin mutanen ƙasar suka gan shi, saboda haka bai sami laƙabi ba, bai shiga majalisa ba. Sarkin Ƙarfi na Bambai ya fi Kanta na fim suna a kasuwar Jega.

Talabijin da bidiyo

Talabijin ya fara a Kaduna a 1962, ya iso Sakkwato a tsakiyar shekarun 1970, aka haɗa tashoshin ƙarƙashin NTA a 1977. A karkara akwati ɗaya ne yakan tara unguwa, ko a gidan mai hali ko a gidan kallon da hukuma ta kafa. A nan mutane suka san Samanja na Usman Baba Pategi da wasannin Ƙasimu Yero, kuma abin da ake kallo da harshensu yake, ba sai da mai fassara ba. Babban canjin da talabijin ya kawo shi ne shigar da fim cikin gida. Matan aure da aka hana sinima sai ga shi sun zama manyan masu kallo. Abdalla Uba Adamu ya ƙididdige cewa tashar NTA ta Kano kaɗai ta nuna finafinan Indiya fiye da dubu tsakanin 1977 da 2003. Sharhin ya koma tsakar gida da gidan biki da wurin kitso, kuma ma'auninsa ya sauya: aka rage zancen ƙarfin bos, aka koma kan auren dole da kishiya da haƙurin uwa.

Waɗannan mata su ne kasuwar da fim ɗin Hausa na bidiyo ya tarar, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 har zuwa Sangaya a 1999. Kaset yana tasowa daga Kano ya sauka a shagon haya, yaro ya karɓo wa uwarsa, gobe maƙwabciya ta aiko a ba ta aro in an ce ya yi kyau. Mai shagon haya ya san abin da kowane gida yake so, kuma kalmarsa tana iya rayar da fim ko ta kashe shi a garin.

A daidai nan ne rubutaccen sharhi ya shigo, tare da shafukan wasiƙun masu karatu, sa'an nan Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, da taron masana kan finafinan Hausa da aka yi a Kano a 2003. Ba na raina wannan aiki. Sai dai daga Kano da Kaduna aka rubuta mafi yawansa, kuma muhawararsa ta fi karkata kan tambaya ɗaya, watau ko rawa da waƙa sun dace da al'ada da addini. Tambayoyin mai kallo na yammacin ƙasar Hausa, alal misali me ya sa ba ya jin karin harshensa a fim sai a bakin wanda aka sa don a yi dariya, ba su cika samun shafi ba.

Yau kallo ya koma tashar Arewa24, wadda ta fara a 2014, da YouTube, da wayar hannu. Daɗin Kowa da Labarina da Izzar So ana bin su mako mako. Wanda ya gaji mai shagon haya shi ne saurayin da ke zaune a rumfar cajin waya yana tura fim, ana tambayarsa wanne ne sabo, wanne ne mai kyau. Mai fassara ma ya dawo, domin finafinan Indiya da kamfanoni irin su Algaita suke ɗora wa muryar Hausa sukan fito da sabon suna da barkwancin da babu shi a asali, kamar dai yadda mai lasifikar majigi yake yi.

Yaron da ya kalli majigi a ƙofar fadar Kimba a 1955 yana ɗan shekara goma, yau ya kai tamanin. Jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006 tana kusa da shi, sashen Hausa na jami'ar Sakkwato ma ba shi da nisa. Ɗalibin da zai je wurinsa da rakoda kada ya tsaya kan sunan fim, don da wuya a tuna. Ya tambayi inda aka kafa ƙyallen, da gefen da mata suka zauna, da karin harshen da mai fassara ya yi magana da shi, da abin da ya faɗa aka yi dariya, da sunan da aka laƙaba wa wani a gari washegari saboda ya yi kama da mutumin cikin majigi.