Ƙauyen Aro da Jinyar Masu Taɓin Hankali

A zamanin mulkin Turawa, idan hankalin saurayi ya gushe har ya buwayi iyayensa, malamai da masu magani kuma suka yi iyakar ƙoƙarinsu abin ya faskara, to, makomarsa ba ta wuce mari a ƙafa a wani lungu na gida, ko kuwa gidan mahaukata irin wanda hukuma ta buɗe a Yaba ta Ikko a 1907, inda ake tsare mutum ba don a warkar da shi ba, sai don jama'a su huta da shi.

A kan wannan hali Likita Thomas Adeoye Lambo, haifaffen Abeokuta, ya komo gida a 1954, bayan ya yi karatun likita a Birmingham, ya kuma ƙware kan cututtukan hankali a asibitin Maudsley na Landan. Da aka danƙa masa asibitin Aro da ke kusa da Abeokuta, sai ya nemi yardar mutanen ƙauyukan da ke kewaye su riƙa saukar da majinyata a gidajensu a biya su haya, bisa sharaɗin kowane majinyaci ya zo da ɗan'uwa, galibi uwa ko 'yar'uwa, wadda za ta dafa masa abinci, ta raka shi wurin likita da safe, su komo masauki da yamma. A ganina hikimar tana cikin wannan sharaɗi, domin wanda bai rabu da muryar mahaifiyarsa da hayaniyar kasuwa ba, ranar da Allah ya ba shi lafiya ba zai koma garinsu baƙo ba. Bai kuma raina masu maganin gargajiya ba. Ya jawo waɗansunsu ya yi aiki da su, alhali likitocin wancan zamani suna ɗaukar hakan abin kunya.



Lambo ya kai matsayin mataimakin babban darakta a Hukumar Lafiya ta Duniya, ya rasu a 2004. Amma dokar mahaukata ta 1958, wadda ruhinta na tsarewa ne, ita Najeriya ta ci gaba da riƙewa har zuwa Janairun 2023, sa'ad da aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.