WA KE DA IKON TARE MATAFIYI?

Duk wanda ya tashi a Dutsin-Ma ko Kurfi ya san 'yan ci-rani daga Nijar: masu ga-ruwa, masu shayi, da Buzaye masu gadi. Da kaka ta yi su zo, da ruwa ya sauka su koma gona. A da ba mai tambayarsu takarda. Amma tun da 'yan bindiga suka addabi garuruwan da ke gefen dajin Rugu, samari suka ɗauki bindigar toka suka tsare hanyoyi, sai baƙo ya zama abin zargi, musamman in Hausarsa ta ɗan karkata. Shi ya sa muka ga ya kamata mu waiwayi tarihin iyakar nan.

Bayan da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har suka kafu a Maraɗi wajen 1819. Har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkin can, mu kuma hakimin Kurfi Maraɗin Katsina yake. Daga nan aka shiga shekaru masu yawa na hare-hare, balle zamanin Ɗan Baskore. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya ratsa Kurfi a 1853, ya kuma ba da labarin ganuwa da gwalalon da suka kewaye garin saboda tsoron hari. Ashe rashin tsaro ba baƙonmu ba ne. To amma mai karatu ya lura da abu guda. Shi Barth ɗin, an taɓa tsare shi a Katsina a 1851, sai da ya ba da kyaututtuka kafin ya wuce. Wanda ya tsare shi kuwa Sarki Muhammadu Bello ne da kansa, a fada, kowa na gani. Ko da an zalunci matafiyi a wancan zamani, ya san sunan wanda ya zalunce shi, fatake kuma za su kai labari har Sakkwato.

Ita iyakar da muke magana, Ingila da Faransa ne suka yi ta ja a takarda daga 1890 zuwa 1906, sannan aka bi aka kafa alamu. Ta raba wa da ƙane, ta raba gona da mai ita. Hukuma ta sha rufe ta: a 1984 zamanin Janar Buhari, lokacin da yunwa ta kama Nijar har mutanen can suka sa mata suna El-Buhari, sai 2019, sai kuma bayan juyin mulkin Yamai na 2023. Duk wannan aikin hukuma ne, ana iya suka, ana iya janyewa.

Na farar hula mai makami daban ne. A Amurka, a 2019, wasu ɗauke da bindigogi sun riƙa tsare ɗaruruwan baƙin haure a kan iyakar Meziko, har da mata da yara, sai da hukuma ta kama shugabansu. Mu kuwa mun ɗanɗana ta ɗaya gefen: a watan Maris na 2025 'yan banga suka tare motar mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, aka kashe mutum 16. Laifinsu na farko baƙunta.

Ba mu raina 'yan sa-kai ba. Wanda ya kwana a kan gadonsa a Kurfi ya san wasu sun kwana a bakin daji dominsa, wasunsu ma ba su dawo ba. Amma mun ga yadda kama Bafulatani a kasuwa ba bincike ya riƙa jawo ramuwa a kan ƙauyen da bai ji ba bai gani ba. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma mai mutum sama da 1,400, da kaki da horo da shugabanni sanannu. Abin da ya rage shi ne a tabbatar duk wanda aka tare a hanya, ɗan Maraɗi ne ko ɗan Safana, an rubuta sunansa, an miƙa shi ga 'yan sanda kafin rana ta faɗi.