Rabon Gado a Ƙasar Hausa: Tsakanin Gandu, Alƙali da Baitulmali

Tarihin rabon gado a ƙasar Hausa tarihi ne na ja-in-ja tsakanin buƙatu uku waɗanda ba kasafai suke tafiya tare ba, wato burin gida na ganin dukiya ta zauna a dunƙule bayan rasuwar mai ita, da hukuncin shari'a wanda yake yanka wa kowane magaji kasonsa, da kuma hannun hukuma wanda a kowane zamani yake neman abin da zai ɗiba kafin magada su watse.

Mafi tsufa a cikinsu shi ne tsarin gandu, inda maigida da ƙannensa da 'ya'yansa maza suke noma babbar gona tare, su ci daga rumbu ɗaya, shi kuma ya ɗauki nauyin harajinsu da aurensu, ya yanka wa kowa gayauna, wato 'yar gonar da mutum yake nomawa don aljihunsa. A wannan tsari abin da ake gada shi ne riƙon gida, kuma yakan koma hannun babban ɗa ko ƙanen mamaci, ba tare da an tsaga gonar ba. Sai dai gandu yana da rauni a ciki, domin 'yan ubanci, wato kishin da ke tsakanin 'ya'yan da suka haɗa uba amma ɗakunansu daban, yakan hana shi daɗewa. Polly Hill, wadda ta yi nazarin Batagarawa ta ƙasar Katsina kuma ta wallafa littafinta a 1972, ta nuna cewa gandun uba da 'ya'ya shi ne ya fi yawa, kuma na 'yan'uwa bai cika jure rasuwar mahaifi ba.

Musulunci ya zo da lissafi na daban, wanda malamai suke kira ilimin fara'ili, suna ɗauko shi daga ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i, suna kuma koyar da shi a zaure daga Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halilu, manyan littattafan mazhabar Malikiyya. Ana fara fitar da kuɗin likkafani da jana'iza, sannan a biya bashi, sannan a zartar da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yin ta ga mai gado sai da yardar sauran magada; abin da ya rage shi ake rabawa. Idan attajiri ya rasu ya bar mata biyu da mahaifa biyu da 'ya'ya maza biyar da mata uku, za a kasa dukiyarsa gida 24: matan su raba kashi 3 a tsakaninsu, wanda shi ne tumuni, uwa ta ɗauki 4, uba ya ɗauki 4, sauran 13 kuma kowane ɗa namiji ya sami 2, kowace mace ta sami 1. Jarin da jiya yake tayar da ayarin goro zuwa Gwanja ya koma hannun mutum goma sha biyu, kuma babu wanda kasonsa zai iya tayar da irin wannan ayari shi kaɗai.

Sarakuna ma ba su bar dukiyar mamaci ta wuce su ba. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa ƙwace dukiyar wanda ya mutu da sunan gado a cikin zaluncin da yake tuhumar sarakunan Hausa da shi, kuma bayan jihadin 1804 aka mayar da rabon hannun alƙalai. Amma kason hukuma bai ɓace ba, siffa kawai ya sauya. Na farko, a hukuncin Malikiyya na asali, idan masu ƙayyadajjen kaso sun ɗauki nasu kuma babu asaba, wato dangin da suke kwashe ragowa, to ragowar ta baitulmali ce. Na biyu, akwai ushira, kashi ɗaya cikin goma da ake cirewa a matsayin ladan rabo, bayan muhutin alƙali, wato mataimakinsa, ya shiga gida ya ƙidaya riguna da dabbobi da damman hatsi, an kuma yi musu kuɗi. Da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, suka kafa baitulmalin En'e, suka yanka wa alƙalai albashi, sai ushira ta zama kuɗin shiga na hukuma mai rasit. Saboda haka talakan karkara ya fi son a kira liman da dattawa a raba a zaure, ba a kai wa alƙali sai in rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Gona da gida su ne suka fi wahalar da masu hukunci, musamman bayan dokar 1910 wadda ta sanya ƙasar Arewa duka a ƙarƙashin ikon Gwamna, ta yadda abin da magaji yake gada a hukumance shi ne damar amfani da wuri kawai. A cikin wannan sarari ne Sarkin Kano Usman ya hana mata gadon gidaje da gonaki a 1923, bisa hujjar cewa mallakar gida tana ba su damar zaman kansu, hukuncin da ya yi aiki har 1954, lokacin da Sarki Muhammadu Sanusi ya soke shi, yana mai duba halin da tsofaffin mata marasa galihu suka shiga. Shekaru talatin da ɗaya ke nan ana ajiye nassi a gefe a cikin birnin da ya cika da malamai, abin da ke nuna cewa sanin hukunci bai taɓa wadatarwa ba idan mai iko yana da wata manufa.

Masu dukiya kuwa sun daɗe da sanin hanyoyin da shari'a ta buɗe musu na tsara bayansu tun suna raye. Akwai kyauta, wadda ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa kafin mai bayarwa ya kwanta ciwon ajali. Akwai naɗa wasiyyi, amintaccen da zai riƙe dukiyar marayu har su yi hankali. Akwai kuma hubusi ko waƙafi, wato tsare asalin dukiya ta yadda ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada, amfaninta kaɗai ake ci, ko dai ga masallaci da makaranta ko ga zuriya. Halilu ma ya ɓata hubusin da aka keɓe wa 'ya'ya maza aka fitar da mata. A ƙarni na 20 kamfani mai rajista ya shigo cikin waɗannan dabaru, kuma gidan Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya zama abin misali na kasuwancin da ya ci gaba da sunan iyali bayan an raba gado.

Zamanin 'yancin kai ya ƙara nasa sarƙaƙiya. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta amince da wasiyyar Musulmi da aka rubuta bisa dokar Ingila ta 1837 ko da ta saɓa wa kason Malikiyya, lamarin da ya sa wasu jihohi, ciki har da Kaduna, suka yi dokokin da ke taƙaita wannan dama. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye ga gwamnonin jihohi, harajin da aka ɗora a kan dukiyar da ta sauya hannu ta gado ko kyauta a 1979 aka soke shi a 1996, sannan bayan 1999 jihohi irin su Zamfara da Kano da Sakkwato suka kafa hukumomin zakka da waƙafi. Duk da waɗannan sauye-sauye, da yawa daga cikin ƙararrakin gado da ke gaban alƙalai a yau suna tasowa ne daga tsofaffin kafofi: gidan da aka ƙi rabawa har jikoki suka taso, kyautar da aka yi da baki ba shaidu, da kason mata da 'yan'uwansu maza suka riƙe da sunan ajiya.