Kwana 216: Korona Mai Daɗewa a Jiki da Hanyar Asibiti a Gabashin Sakkwato

A watan Afrilun 2020, lokacin da aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Jihar Sakkwato, lissafin da likitoci ke yi mai sauƙi ne: ƙwayar cutar takan yi kimanin mako biyu a jiki, sannan ko dai garkuwar jiki ta kore ta, ko kuma ta yi ajalin majiyyaci. Ba a daɗe ba aka gano akwai hanya ta uku.

A Durban ta Afirka ta Kudu, masu bincike sun bi diddigin wata mata 'yar shekara 36 mai ɗauke da HIV, wadda korona ta zauna a jikinta kwana 216, tana rikiɗa har sau fiye da 30. A Amsterdam kuma wani dattijo mai ciwon jini ya ɗauke ta kwana 613 kafin rasuwarsa a 2023.

Dalilin yana cikin tsarin garkuwar. Ƙwayoyin B ne ke ƙera sinadaran da ke liƙe wa ƙayoyin da korona ke shiga jiki da su, wasu ƙwayoyin T kuma su hallaka duk ƙwayar halittar da ta kamu. Masu tsara wannan yaƙi su ne ƙwayoyin CD4, waɗanda HIV ke cinyewa. Idan suka ƙaranta, martanin jiki bai isa ya kashe cutar ba, amma ya isa ya takura mata. Sai masu rauni daga cikin zuriyarta su mutu, wadda ta sauya kama ta tsira ta hayayyafa. Masana da yawa suna kyautata zaton ta irin wannan hanya nau'in Omikron ya samo asali, ko da yake ba a tabbatar ba.

Da Afirka ta Kudu ta bayyana Omikron a Nuwamban 2021, martanin ƙasashen Yamma shi ne rufe ƙofa. Birtaniya ta saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta hana shigowa a Disamba. Matakin bai tare komai ba. Abin da ya raba matar Durban da korona kuwa ba sabon magani ba ne: likitoci sun sauya mata maganin HIV zuwa mai ɗauke da dolutegravir, garkuwarta ta farfaɗo, cikin 'yan makonni cutar ta gushe.

A nan ne labarin ya shafi Wurno, Rabah da Goronyo. Wannan magani ya iso Najeriya tun kafin korona, kuma kyauta ake bayar da shi. Sai dai magani ne na kullum, kuma sai an je an karɓo. Kusan makonni shida kafin a ji sunan Omikron, ranar 17 ga Oktoban 2021, 'yan bindiga sun far wa kasuwar Goronyo suka kashe fiye da mutum 40. A garuruwan gabashin Sakkwato, tun daga ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har zuwa mahaifar Sardauna, hare-hare sun tashi ƙauyuka, sun mayar da tafiya asibiti kasada. Majiyyacin da ya tsere ya bar katinsa, ko ya ji tsoron hanya wata biyu, HIV takan sake yawaita a jininsa, ƙwayoyin CD4 su fara raguwa, jikinsa ya kama hanyar komawa irin halin da matar Durban take ciki kafin a sauya mata magani.